Littafin rubutu mai layin Cornell: abin da na gani bayan zango guda a Dang

A farkon zangon karatun da ya wuce, lokacin da na shiga shekara ta biyu a sashen shari'a na Jami'ar Ngaundere da ke Dang, na sayi wani littafin rubutu a ɗaya daga cikin shagunan fotokofi da ke kewayen makaranta. Mai shagon ne da kansa yake buga layukan a takarda A4, ya ɗaure ta da zoben roba, ya sa mata bango mai ɗan kauri, kuma kuɗinsa ya kusa ninka na littafin da muka saba saye tun muna sakandare a Garwa. Abin da ya sa na rufe ido na biya shi ne wahalar da na sha a shekarar farko, inda na cika littattafai da rubutu tsaf, amma da jarrabawa ta matso na buɗe su sai na ji kamar wani ne ya rubuta ya ba ni aro. Darasi ɗaya ma sai da na koma na sake zaunawa jarrabawarsa a zagaye na biyu.

Kowane shafi an raba shi gida uku. A hagu akwai siririn fili mai faɗin kusan santimita 6, a dama akwai babban fili inda ake rubuta abin da malami yake faɗa, a ƙasa kuma an bar kusan santimita 5 domin taƙaita shafin cikin jimla biyu ko uku. Tsarin ba na mai shagon ba ne. Wani malamin Jami'ar Cornell da ke jihar New York a Amurka, Walter Pauk, shi ne ya fito da shi, ya kuma bayyana shi a littafinsa na koyar da ɗalibai dabarun karatu wanda ya fara fitowa a 1962. Manufarsa ita ce ɗalibi ya yi rubutu a dama lokacin lacca, bayan an tashi ya rubuta tambayoyi ko kalmomin tuni a hagu, sannan ya rufe ɓangaren dama ya amsa tambayoyin da ka.

Na yi amfani da littafin a darussa uku, amma wanda ya fi nuna mini amfaninsa shi ne darasin dokar yarjejeniya da haƙƙoƙin da ke rataya a wuyan mutum. A cikin amfi, wato babban ɗakin lacca, ban taɓa filin hagu ba ko sau ɗaya, domin malaman shari'a suna yawan yin shifta, kuma wanda ya tsaya tunanin tambaya sai ya ɗago ya tarar an wuce shi da sakin layi guda. Abin da kawai na canza a aji shi ne na rage kwafe kowace kalma: ma'anar kalmomin doka da lambobin sassa nakan rubuta su daidai yadda aka faɗa, misalai da bayanin malami kuwa nakan taƙaita su da gajerun alamomi na kaina. Aikin gaske yana farawa ne bayan sallar isha'i a ɗaki, inda nake ɗaukar kusan minti 20 a kan rubutun lacca guda ina cike filin hagu.

A nan ne na yi wani abu da ba ya cikin tsarin Pauk, wanda kuma a ganina shi ne ya fi komai amfani. Laccar da Faransanci ake yi, rubutun dama ma da Faransanci yake, amma tambayoyin hagu sai na riƙa rubuta su da Hausa, ina kuma amsa su da Hausa kafin in sake faɗar amsar da harshen jarrabawa. Sashe na 1108 na kundin dokar farar hula, wanda asalinsa na Faransa ne tun 1804 kuma har yanzu ake aiki da shi a yankin masu Faransanci na Kamaru, ya lissafa sharuɗɗa huɗu na ingancin yarjejeniya: yardar wanda ya ɗauki alkawari, cancantarsa ta ƙulla ciniki, tabbataccen abin da aka ƙulla a kansa, da halastaccen dalili. Ukun farko na bayyana su da Hausa ba tare da gargada ba. Da na zo kan na huɗu sai bakina ya tsaya, duk da cewa na rubuta kalmar Faransancin sau da yawa a shafuka daban-daban kuma ina iya karanto jimlar malam daga farko har ƙarshe. Ashe haddace ta na yi, ban fahimce ta ba. Sai da na kai tambayar zaman TD, wato ƙaramin ajin bita da atisaye, aka warware mini cewa a cinikin saye da sayarwa, dalilin da ya ɗora wa mai sayarwa miƙa kaya shi ne alkawarin mai saye na biyan kuɗi, kuma alƙali yana iya duba manufar da ta kai mutum ga ƙulla yarjejeniyar domin ya ga ko ta saɓa wa doka. Da rubutu na ci gaba da tarawa kamar bara, da ban gano wannan ramin ba sai a ɗakin jarrabawa.

Wanda ya yi makarantar allo ba zai ga baƙon abu a nan ba. Malam yakan karɓi allo ya juya rubutun wajensa, almajiri ya kawo hadda, kuma ba a wanke allo sai karatu ya zauna. Rufe filin dama da tafin hannu ko da wata takarda shi ne karɓe allon, bambancin kawai shi ne a nan kai ne malamin kai ne almajirin, saboda haka yaudarar kai tana da sauƙi idan mutum ya riƙa leƙawa. Batun yin bitar a daren da aka yi laccar ma yana da tushe, domin tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan koyon abu, daga nan sai ta riƙa lafawa. Na ga haka a kaina, domin laccar da na bari ta kwana uku ban cike hagunta ba, wasu gajerun alamomin da na yi da hannuna sai na kasa tuna abin da nake nufi da su.

Filin ƙasa kuwa ban amfana da shi sosai ba. Laccar shari'a tana tafiya ne bisa tsarin babi da sashe da ƙaramin sashe, kuma ba kasafai maudu'i yake ƙarewa daidai ƙarshen shafi ba, don haka taƙaita kowane shafi shi kaɗai ya zama aikin banza. Daga baya na koma taƙaitawa a ƙarshen kowane babi, sauran filayen suka zauna fayau.

Littafin kansa yana da aibu, kuma ba ƙarami ba. Takardar siririya ce, tawadar alƙalami tana bayyana ta baya, har na daina rubutu da baƙi na koma shuɗi. Zoben robar ya fara tsinkewa kafin tsakiyar zango saboda shiga da fita cikin jaka, kuma ranar da ruwan sama ya tare ni a hanyar komawa ɗaki gefen shafukan ya jiƙe ya cure. Babu lambar shafi, abin da ya wajaba ga littafin da za a riƙa komawa cikinsa, sai da na bi na sa da hannu. Layukan ma ba irin na Seyès ba ne, wato murabba'an da muka koyi rubutu a kansu tun firamare, don haka makon farko rubutuna ya riƙa hawa da sauka. Babbar matsalar ita ce filin hagu da na ƙasa suna cinye kusan kashi biyu cikin biyar na shafin, saboda haka littafin ya cika da wuri, kuma ɗalibin da ke lissafin kuɗin haya da na abinci da na fotokofi zai ji wannan a aljihunsa. A darasin da ke buƙatar jadawali mai faɗi kuwa, kamar lissafin kuɗin kamfani, filin dama ya yi ƙunci har na koma tsohon littafina.

Wata abokiyar karatuna ta tambaye ni me ya sa nake wahalar da kaina alhali delege, wato wakilin ajinmu, yana tura hotunan darasi a zauren WhatsApp na aji. Ina amfani da hotunan idan na rasa lacca, kuma suna da rana, amma wayata cike take da shafukan da ban taɓa buɗewa ba, ga shi idan wuta ta ɗauke caji ya ƙare babu abin karantawa. Ko hoton na samu, sai na kwafe shi a filin dama na yi masa tambayoyi kafin in ɗauka cewa na mallaki darasin.

Darussan nan uku duka na ci su a zama na farko, kuma makon jarrabawa bai zame mini tashin hankali irin na bara ba, domin bitar babi guda ta koma bin tambayoyin hagu da tsayawa a inda na kasa amsawa. Ba zan ce littafin ne ya yi wannan ba, tunda duk mai rula da alƙalami yana iya ja wa littafinsa na yau da kullum layi ɗaya a hagu ya samu abin da na samu a rabin kuɗin. Amfanin bugaggen shi ne filin hagu yana nan a buɗe yana jiran mutum, kuma ganinsa fayau yakan hana ni kwanciya. Wannan zangon guda ɗaya na saya, na dokar kasuwanci ta OHADA, wato dokar bai ɗaya da wasu ƙasashen Afirka suke aiki da ita, sauran kuwa da kaina na ja musu layi ba tare da filin ƙasa ba. Na kuma roƙi mai shagon ya ƙara kaurin takarda ya sa lambar shafi, ya ce lambar ba matsala ba ce, amma takarda mai kauri sai an ƙara kuɗi.