Daga NVDA zuwa VoiceOver: amsa ga ɗan uwanmu mai shirin komawa Mac

Wa alaikumus salam. Malam na ji tambayarka, ka ce laptop ɗinka Windows 10 ce kuma ta ƙi karɓar Windows 11, ga yayanka zai aiko maka da MacBook daga Ingila, kai kuma shekara takwas kenan NVDA, manhajar da ke karanta wa makaho allo da murya a Windows, ce idonka, aikinka Word da Excel, shin ka koma ko ka tsaya. Ni ma makaho ne, duka biyun, Windows da Mac, suna kan teburina, bari in faɗa maka yadda na same su.

Gaskiyarka ka damu, tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta rufe tallafin Windows 10 na yau da kullum, kuma 11 ɗin sai na'ura tana da wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0.

Wajen kuɗin manhaja kusan kunnen doki ne. NVDA kyauta ce tun da aka fara ta a Ostareliya a 2006, har a filashi za ka iya sa ta ka tafi ofishin wani ka soka ka yi aikinka. VoiceOver kuma, mai karanta allo ta Apple, a cikin Mac take tun 2005, Command da F5 kawai ka danna ta fara magana, ko sabuwa ce dal daga kwali kai da kanka za ka saita ta ba sai ka kira yaro ya duba maka allo ba. JAWS, wata mai karanta allo ta Windows, ita ce dai ta kuɗi, in ba ka biya ba minti 40 take ba ka sai ka sake kunna kwamfutar.

Inda rigimar take shi ne yadda ake yawo a ciki. A NVDA shafi shimfiɗe yake kamar tabarma, kibiya ƙasa kana ta saukowa layi layi, H ta kai ka kan heding, Insert da F7 ta jero maka link. A Mac kuwa kamar gidan gargajiya ne, zaure daban tsakar gida daban ɗaki daban, za ka ji ta ce ga tebur amma ba za ta karanta abin da ke ciki ba sai ka shiga da Control, Option, Shift da kibiya ƙasa, yatsu huɗu fa, in ka gama kuma ka fito da waɗannan ukun da kibiya sama. Satin farko wallahi hannuna ya sha wahala kafin in gane ana iya amfani da Caps Lock maimakon Control da Option ɗin. Kuma ka manta da Insert, babu shi a kibod ɗin MacBook.

Wani abin dariya, ranar farko na tsaya kan wani fayil na danna Enter ina jira ya buɗe, ashe a Mac Enter canza suna take yi, na ci gaba da danne-danne har na mayar da sunan fayil ɗin wani shirme, sai da na yi rabin awa ina lalube. Command da O ake buɗewa. Kwafi kuma Command da C ne ba Control ba, wannan kam ba ya wuce kwana uku ka saba.

In kana riƙe da iPhone to ka rage hanya, don shafar da kake yi a waya kusan irinta ce a trackpad. In Android ce da mai karanta allonta TalkBack daga farko za ka fara.

Batun Excel, a nan ba zan ɓoye maka ba, Windows ta fi. Akwai Office a Mac kuma yana aiki, amma saurin da ka saba da shi kana tsallaka sel kana jin kan kolum ba za ka same shi nan kusa ba, kuma in ka maƙale yawancinmu a nan NVDA ko JAWS muka iya, masu Mac tsiraru ne. Haka gyara, kowane mai shago a Farm Centre ta Kano zai buɗe maka HP, Mac sai ka nemi gwani kuma kayanta da tsada.

Inda Mac ta ci tuta shi ne batir, musamman in mai processor ɗin Apple M1 ce ta 2020 ko sama, sai a ɗauke wuta tun safe kai kana ta aiki. Sai dai ka tambayi yayan naka wace iri ce, don masu M1 ba su da Boot Camp da ake sa Windows a Mac da shi, in kana son Windows a ciki sai ta manhajar Parallels ko VMware.

Karatun Hausa kuma ni a duka biyun dabara nake yi, a NVDA nakan sa muryar Swahili ta eSpeak don wasulanta sun yi kusa da namu, a Mac kuma ta Indonesiya.

Ni dai da ni ne kai, zan karɓi MacBook ɗin tunda kyauta ce, amma tsohuwar ba zan sayar ba, Excel na ofis ya zauna a kanta har ka samu mai Windows 11 ko ta hannu ce, Mac ɗin kuma ka riƙa ba ta awa ɗaya kullum da imel da burauza. Ranar farko danna Control, Option da K, VoiceOver za ta riƙa faɗa maka aikin kowane maɓalli ba tare da ta taɓa komai ba, in ka gaji Escape ka fita.