Kariyar da Muke Wucewa a Daji, a Nan Fam 15 Ce

Yaya, na ga hoton gidan da ka gama a bayan Ƙofar Ƙaura. Allah ya sanya albarka, ya sa na zaman lafiya ne. Batun in aiko maka da fulawoyin Turawa ka shuka a tsakar gida kuwa, tsaya ka ji abin da ya same ni tukuna.

A nan Landan wurin sayar da shuke-shuke kanti ne guda, da keken zuba kaya, har da wurin shan shayi. Kowace tukunya da katinta a soke: sunan shukar, tsawon da za ta kai, watan da take fure, rana take so ko inuwa. Akwai kuma lamba daga H1 zuwa H7 da ƙungiyar masu lambu ta RHS ta tsara, mai nuna iyakar sanyin da shuka za ta jure. Mai H7 ko sanyi ya kai digiri 20 ƙasa da sifili ko gezau. Wasu kantunan ma in ta mutu a hannunka, ka mayar da ita da rasit su ba ka wata.

Ni dai ban karanta katin ba. Na hango bugenbiliya, wadda ke lulluɓe katangun GRA, kewar gida ta kama ni, na saya na dasa a waje. Dare ɗaya a Disamba sanyi ya sauka, da safe ganyen ya yi baƙi ƙirin kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Na kinkime ta na koma. Yarinyar kantin ta juya katin ta nuna mini da yatsa: ba a barin wannan a waje da hunturu. Haka na juyo da tukunyata, ba kuɗi ba canji.

Ina fitowa sai ga kariya a kan teburin kantin. Wallahi kariya, mai ƙaton gindin nan da jan fure, wadda muke wucewa a hanyar gona ko kallo ba ta ishe mu ba. An sa mata suna furen hamada, an ɗora mata fam 15, ana lallaɓa ta a bakin taga kamar jaririya.

To ka ga abin da nake gudar maka. Ruwan da Landan ke samu a shekara bai fi na Katsina da wani abin kirki ba, wajen milimita 600, sai dai nasu yayyafi ne daga Janairu har Disamba, namu kuwa wata huɗu ya zubo ya ɗauke. Shukar da ta saba da yayyafin Landan, ranar Afrilu mai digiri 40 za ta soye ta, ko da jarka nawa 'yan garuwa za su juye mata.

Je ka wajen masu fulawar bakin titi. Ba su da kati, ba su da rasit, amma sun fi arha nesa ba kusa ba, kuma in ka zauna ka ja su da hira sun san abinsu. Ka tambaya ko a nan aka rene ta ko daga Jos aka kawo, don ta Jos sanyi ta sani. Ka ɗaga baƙar ledar ka duba saiwa. Bugenbiliya a jikin katanga, lalle ta wajen ɗakin Hajiya saboda ƙamshin furensa da yamma, kariya inda rana ta fi duka. Amma ruwan jikinta dafi ne, ka nisanta ta da yara.

Kada ka dasa sai damina ta zauna, wajen Yuli. Takin da ya ruɓe sosai za ka sa, ɗanye gara yake kira, ka barbaɗa toka a ramin. Sannan ka kewaye da ƙaya ko waya, na san awakin unguwar nan.

Kuɗin da zan kashe wajen aiko fulawoyin na tura maka jiya. Ka gai da Hajiya, ka ce ta tsaga maka reshe daga lallenta na tsohon gida.