Adaftar ƙafar gaba ta mota mai tagwayen taya: wacce za ka saya, wacce za ka guda

Jama'a tunda mutum uku suka tambaye ni a wata ɗaya wace adaftar ƙafar gaba za su saya, bari in zauna in rubuta ta gaba ɗaya. Duk wanda yake jan tirela a nan Amurka da fowil, wato mota mai ja da ƙafa huɗu, mai taya ɗaiɗai a baya, watarana sai ransa ya raya masa ya mayar da ita duli, wato mai tagwayen taya a baya, saboda in ka ɗora motoci biyu uku a tirela iska ta kaɗa za ka ji bayan motar yana lilo. Toh aikin baya kowa ya san shi, inda ake yin ɓarna shine gaba.

Da farko a gane, ba taya biyu za ka sa a gaba ba, ɗaya ce dai. Abin da ya sa ake buƙatar adafta shine rim ɗin duli kwano ne mai zurfi, in ka ɗaura shi kai tsaye a hob ɗin gaba, wato ƙarfen da ake ɗaura taya a jikinsa, zai shige ciki ya daki birki da sauran ƙarafan ƙafa. Adaftar ita ce take turo fuskar ɗaurin waje kamar inci uku da rabi zuwa huɗu, sai tayar ta dawo daidai inda take a da, kuma rim iri ɗaya ya yi maka gaba da baya, safaya ɗaya ta ishe ka. Shi ya sa in ka haɗa adafta da rim ɗin duli boris ba ya shan wata wahala ta daban, amma ka ɗaura rim na taya ɗaiɗai a kan adaftar nan don ƙafa ta buɗe ta yi kyau, ka kashe boris da hannunka.

Ni abin da zan ce ka saya, kuma ba zan ɓoye ba shi nake so, shine adaftar kamfani wacce aka ciro daga jikin duli fowil irin motarka a jonkiyad, wato pantekar nan ƙasar. Ford da Dodge duk haka suke fito da dulinsu na fowil, da wannan ƙarfen a ɗaure a hob ɗin gaba, kaga ba wani sabon abu ka ƙirƙiro ba, abin da masu motar suka auna ne. Ƙarfe ne mai nauyi, ka ɗauke shi da hannu ɗaya sai ka ji a kafaɗa, ramin tsakiyarsa yana zama a wuyan hob cif ba ko motsi, kuma bakinsa na waje yana da ɗan tudun da rim yake hawa. Wannan tudun shine komai. Irin waɗannan rim ɗin tsakiyarsu ce take saita su, aikin noti kawai ya matse, shi ya sa notinsu mai faffaɗan gindi ne da washa a jiki, ba mai tsini ba. Sannan saboda an yi ta ne don fowil, an bar wa makullin hob, wanda ake murɗawa don ƙafar gaba ta ja, hanya, a Ford kana zura hannu ta cikin ramin ka murɗa shi ba sai ka kwance komai ba. Tawa Ford F-350 ce ta 2002 mai injin dizal 7.3, biyun da ke jikinta yanzu daga wata duli mai hatsari aka ciro su, na goge su da buroshin ƙarfe na fesa fenti, tun ranar sitiyari bai ƙara rawa ba. In za ka nema ka nemi na motocin kudu kamar Texas ko Arizona, don mu nan Ohio gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara yana cinye ƙarfe, za ka samu zaren sitod, wato ƙusoshin da noti yake hawa, ya ruɓe. Kuma ko da sun yi kyau a ido ni dai sabbin sitod nake bugawa, kuɗin ba shi da yawa.

Sabuwar adafta ta ƙarfe da aka sassaƙa daga dunƙule ɗaya ita ma tana da kyau in an yi ta daidai da motarka, tsada ce kawai. Ta alminiyam mai lamba 6061-T6 ta gaske ba laifi ga mai motar yawo, ni ba zan ja tirela da ita ba. Masu mayar da ƙafa zuwa noti goma don a sa rim ɗin babbar mota na inci 22.5, wannan ado ne, nauyi kawai za ka ƙara wa birki. Wadda ɗan tana, wato mai injin sassaƙa ƙarfe, zai haɗa maka da walda kuwa kada ma a kawo zancenta. Akwai kuma hanyar da ba a faɗa, ka bar gaba yadda yake da rim ɗinsa na asali ka riƙa yawo da safaya biyu, ba kyan gani amma ba ta kashe kowa.

Yanzu ga inda na ƙone. Kafin in samu na kamfani, na sayi wasu a intanet, hoto yana sheƙi, an rubuta alminiyam ɗin jirgin sama ne, an jera sunayen motoci kusan ashirin wai duk yana shiga, kuɗin bai kai rabin na sauran ba. Da suka zo na ɗora a hob na ga akwai ɗan sarari tsakanin wuyan hob da ramin, har farce yana shiga, na ce ai noti zai riƙe. Wani dattijo da muke lodi tare ya tsuguna ya leƙa ya ce, ƙanena wannan abin bai zauna ba fa. Na ce Alhaji ai an matse. Ya girgiza kai kawai ya ce Allah ya tsare. Sati na uku ina kan babban titin I-70 zan kai motoci tashar jirgin ruwa ta Baltimore, waɗanda za su tafi Kwatano, sai sitiyari ya fara kakkarwa da na kai mil sittin, na ɗauka balansin taya ne na ci gaba, can sai na ji ƙas ƙas daga hannun dama. Allah ya taimake ni na samu gefe na tsaya. Da na kwance tayar, sitod uku cikin takwas sun karye, ramukan sauran sun zama kamar ƙwai, ga wani baƙin gari duk ya bi fuskar rim ɗin, wato alminiyam ɗin ne yake nikuwa tun tuni ban sani ba. Gefen adaftar da ya ɓalle na ɗauka na duba, cikinsa burtsi-burtsi ne da ƙananan ramukan iska, sak irin tukunyar zubi da ake narka gwangwani a yi a gida. Wallahi har yau in na tuna akwai motar iyali a gefena lokacin sai jikina ya yi sanyi.

Don haka dan Allah ku saurara. Duk adaftar da aka ce tana shiga motoci da yawa, ƙarya ce ko kuma an buɗa ramin ne ya yi faɗi don ya haɗiye kowane hob. Tsofaffin Dodge da Chevrolet duka noti takwas ne a kan inci 6.5, amma tsakiyar Dodge milimita 121.3 ce, ta Chevrolet 116.7, ta yaya abu ɗaya zai zauna musu duka? Ford tun 1999 ta koma 8x170, wato noti takwas a kan milimita 170, da tsakiya kusan milimita 125, daga 2005 kuma dulinta ta koma 8x200 alhali mai taya ɗaiɗai tana nan a 170. Chevrolet da GMC daga 2011 mai ɗaiɗai 8x180 ce, duli 8x210. Kaga kenan adaftar tana da fuska biyu, ta ciki dole ta dace da hob ɗinka, ta waje ta dace da rim ɗin da ka saya, mutane da yawa rim suke fara saya sannan su gano bai dace ba. Har zaren sitod ma Ford ta canza wajen 2003, daga mai kaushi 14x2.0 zuwa mai laushi 14x1.5, ka tilasta noti a kan zaren da ba nasa ba zai yi kamar ya matse alhali ya cinye.

Ka je da baniya, wato ma'aunin faɗin rami da kaurin ƙarfe, ka auna da kanka, kada ka yarda da abin da aka rubuta a kwali. Ka je da maganaɗisu, don akwai masu fesa wa alminiyam baƙin fenti su ce ƙarfe ne. Masu zubi sun iya wayo yanzu, suna bi ta kan fuskar da injin tana ta yi layi-layi kamar sassaƙe, toh ka juya ta ka leƙa cikin lungunan ramukan noti inda injin bai kai ba, in ka ga fata mai ƙuraje zubi ce. Ka duba kan sitod ta baya, na kirki za ka ga an buga 10.9, lambar ƙarfin ƙarfen, wanda ba lamba ko kaɗan ajiye musu kayansu. Na gwanjo ma ba su tsira ba, in ka ga an shafa masa sabon fenti mai kauri ka tambaya me ake rufewa, ka kankare wajen gindin sitod ka nemi tsaga, ka rataye shi ka ɗan buga da guduma, lafiyayye yana amsawa da ƙara mai tsawo, mai tsaga sai ka ji tif. Kuma mai sayarwar da ya ƙi gaya maka daga wace mota da wace shekara ya ciro, ko ya ce ba a dawo da kaya, ka riƙe kuɗinka. Wani ma zai turo maka ɗaya na Ford ɗaya na wata motar daban a kwali ɗaya, sai ka dage mota a jak sannan ka gani.

Wajen ɗauri a goge fuskar hob tas kada a bar tsatsa ko ƙwaya ɗaya, a ɗora adaftar a juya ƙafar da hannu a ga ba ta layi, a murɗa sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe a tabbatar taya ba ta taɓa komai. Kada a bar yaron gareji ya gama da bindigar noti, a sa sifanar awo mai auna ƙarfin matsi, na irin motata tsakanin 150 ne da 165 a ma'aunin fam-ƙafa amma ka duba littafin taka. Littafin Ford ya ce a sake matse notin duli bayan mil 100, a kuma sake a mil 500, kuma ka tuna notin da ke riƙe adaftar suna ɓoye ne a ciki, sai ka cire tayar kafin ka kai gare su, nan ne kowa yake yin ƙyuya.

Abu ɗaya kuma da nake ta faɗa wa masu shigowa harkar, adafta da ƙarin taya ba sa canza nauyin da aka rubuta a takardar jikin ƙofar direba, in aka ɗora ka a sikeli da wannan lambar za a yi maka hisabi. Masu tambaya daga gida ko za a yi wa Hilux, ita ba noti takwas ba ce kuma ba a yi aksul ɗinta don wannan ba, ku bar ta yadda take.