Darasin hutu na jika uku a Zango: abin da na gani

Tsoron abin da ya same mu a 2024 ne ya sa na kai ɗiyata darasin hutu bana. Shekarar nan da ruwa ya kayar da tsohon masallacin unguwar Birni a nan Damagaram, aka ɗage komawa lakwal har 28 ga Oktoba. Yarinya ta gama CP, aji biyu na firamare, tana haɗa baƙi tsaf, ta tafi gidan kakarta a Mirriya, ta yi wajen wata huɗu ba ta taɓa ko alli ba. Da ta dawo na miƙa mata littafinta, sai ta tsaya tana kallon shafin farko kamar baƙo a tasha. Ban ga laifinta ba. A gidanmu babu mai Faransanci, rediyo ma na Hausa muke kamawa. An ce tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa, to, amma littafin da ke cikin jakarta da Faransanci yake, kuma ranar da yaro ya bar aji ya bar harshen ke nan sai Oktoba.

Inda na kai ta wata lakwal ce mai zaman kanta a nan unguwar Zango, ba zan kama suna ba. Daga farkon Agusta zuwa tsakiyar Satumba, Litinin zuwa Alhamis, ƙarfe takwas zuwa sha ɗaya da rabi. Jika uku a wata, wato faran dubu uku, kaye da bik da allo daga gida. Lokacin ya yi mini, don bai taɓa makarantar allo ta yamma ba.

Mushen, wato malamin, da ya riƙe ajinsu saurayi ne, ɗalibi a Jami'ar André Salifou, yana neman na kashewa a hutu. Shi ne duk abin da na saya da kuɗina. Wata rana na je ɗaukarta da wuri, na laɓe bakin taga. Ya baje gwangwanin madara, kwalin shayi da ledar omo a kan tebur, kowane yaro ya ɗauki guda ya karanta abin da ke jiki. Daga nan sai ciniki. Ya ce wa ɗiyata: "Sabulu dala sittin, na ba ki dala ɗari, nawa ne canjina?" Kafin ya rufe baki ta ce dala arba'in, ai ɗiyar mai tebur ce. Ya ce to rubuta da faran. Nan ta yi tsuru-tsuru. Ashe abin da ke ɗaure wa yaranmu kai ke nan: a Kasuwar Dole da dala suke ƙirga, a kaye kuma da faran, babu wanda ya taɓa zaunar da su ya ce dala ɗaya faran biyar ce, sau biyar kawai za a yi. Ta rubuta 200, ya sa aji ya tafa mata. Sati guda tana bin kayan teburina tana juya farashinsu, har ta ishe ni.

Sauran kuwa sai haƙuri. Ranar rajista an ce mana yara ashirin a aji. Sati na biyu na ƙirga arba'in da uku, an gwama ƴan CE1 (aji uku) da ƴan CM1 (aji biyar), ƙanana a gaba kan tabarma. Kwanon ajin yana yoyo, ga Agusta uwar ruwa, kwana huɗu aka sallame su saboda haka, ba a rama ko ɗaya ba. Randar tsakar gida kullum a bushe. Na san Damagaram da wahalar ruwa, amma mai karɓar jika uku kan kowane yaro bai rasa kuɗin ga-ruwa ba. Aka kuma aiko a kawo dala ɗari ta fotokofi, takarda shida kacal muka gani.

Na tari darakta da maganar. Ya ce: "Hajiya, ki yi haƙuri, iyaye ne ke zuwa da roƙo, ba ma iya korar yaro." Na ce: "Malam, to ku ƙara mushe mana." Ya yi dariya, ya ce badi in Allah ya kai mu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne babu littafin da ake ba yaro ya tafi da shi gida. Daga Alhamis zuwa Litinin babu abin karantawa, da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ita kwana biyar kuma sai da muka koma kan gwangwanayen kantin maƙwabcinmu.

Ta shiga CE2, aji huɗu, ba tare da an sake koya mata haɗa baƙi ba, diktarta ta farko, wato shifta, kuskure uku. Badi zan fara tambaya ko saurayin nan yana nan kafin in biya. In ba ya nan, ni da maƙwabta huɗu mun riga mun yi magana: mu nemo shi, mu haɗa kuɗin, ya zauna da yaranmu takwas a zauren gidanmu.