Dokin da ba shi da mai shi: saƙo daga Dublin zuwa gida

'Yan'uwa, kun tambayi yadda doki yake a nan Ayaland. Amsar a taƙaice: sayensa araha, riƙonsa tsada. A gida kuwa sayen ne ke karya mutum, harawa da dusa da sauƙi.

A unguwannin talakawan Dublin irin su Ballyfermot, Finglas da Clondalkin, haka ma a Limerick, za ku ga doki ɗaure a filin da ke tsakanin gidaje, wani ma sake yake yawo bakin titi. Bayan karyewar tattalin arziki a 2008 farashinsa ya faɗi warwas, yaro kan saya da 'yan kuɗi kaɗan alhali ba shi da barga. A 2014 hukumomi sun kama dawakai kusan 5,000, aka kashe mafi yawansu.

Dokar kula da dawakai ta 1996 ce ta ba kowace ƙaramar hukuma ikon ayyana yankin da ba a ajiye doki sai da lasisi, ta kuma hana sayar wa wanda bai kai shekara 16 ba. Kowane doki sai da fasfo nasa, kuma tun Yulin 2009 likitan dabbobi ke cusa masa wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a gefen hagu na wuya, mai ɗauke da lamba mai alƙaluma 15. Wurin da ake ajiye shi ma sai an yi masa rajista a Ma'aikatar Noma.

Kamen kan zo da sassafe, 'yan kwangila da rakiyar 'yan sanda. A kai dokin wurin tsaro, a ɗora na'urar karanta lamba a wuyansa, a liƙa sanarwa, a jira 'yan kwanaki. Mai shi sai ya kawo fasfo, ya nuna wurin ajiya mai rajista, ya biya kuɗin kamu da na kwana da na likita. A nan ake cijewa. Kuɗin fansa yakan ninka kuɗin dokin, sai mutum ya haƙura ya sayi wani. Sau da yawa ma sunan wanda ya sayar tun tuni lambar take nunawa, domin mai saye bai sauya suna cikin kwana 30 da aka ƙayyade ba. Ƙungiyoyin jin ƙan dabbobi na karɓar wasu, amma wuri bai isa ba.

Wahalar dokin kansa ita ce aka fi mantawa. Mai nauyin kilo 500 na cin ingirici kimanin kilo 10 a rana, ya sha ruwa lita 25 zuwa 50. Daga Nuwamba zuwa Maris ciyawa ba ta tofo, sai rama. Da bazara kuma sabuwar ciyawa mai zaƙi ta kumbura masa cikin kofato har ya gurgunce. Akwai wata ciyawa mai furen ruwan ɗorawa da ke cin hanta a hankali. Igiyar roba tana yanka wuya da ƙafa, kofato kuwa in ya wuce mako 6 zuwa 8 ba a gyara ba sai ya tsage. Ƙasar ga danshi, tsayuwa cikin taɓo na ruɓar da ƙasan kofaton, abin da yashin gida ke raba mu da shi.

Abin da na ga ya fi kame amfani shi ne bargar haɗin gwiwa, kamar ta Cherry Orchard da wadda aka buɗe a Clondalkin a 2017, inda yaran unguwa ke koyon ciyarwa da shara da gyaran kofato. Kasuwar dawakai ta Smithfield da ke Dublin ma, da a da take ci duk wata, yanzu sau biyu ce a shekara, Maris da Satumba.

A gida dabba in ta ɓace gidan mai unguwa ake kai ta a yi cigiya, kuma kafin la'asar an san turken da ta tsinke. Nan maƙwabci bai san dokin maƙwabcinsa ba, sai abin da na'ura ta karanto.