Karan Shinkafa, Karan Masara Ko Kututturen Ayaba: Wanne Za Ka Saya Don Yin Takarda A Kumasi?

Matasan Aboabo da Asawase da dama sun fara sha'awar yin kiret ɗin ƙwai da jakunkunan takarda daga ragowar gona. Abin yana faranta mini rai, domin duk lokacin hunturu ƙona waɗannan karare ake yi. Sai dai kafin ka ba mai aboboya, wato babur mai ƙafa uku na dako, kuɗin ɗauko kaya, ka san abin da za ka ƙera, shi zai nuna maka karan da ya dace.

Karan shinkafa ya fi samuwa da araha, musamman bayan girbi a wajajen Tamale da kwarin Fumbisi. Aibinsa silika, wato sinadarin yashi, wanda kan wuce kashi 10 cikin 100 na nauyinsa. Murza busasshen ganyensa a hannu, za ka ji kaushi kamar fatar guza. Wannan kaushin ne ke dakushe wuƙar injin yanka da wuri. Zarensa gajere ne, bai cika wuce milimita ɗaya da rabi ba, alhali na itacen fain, wanda aka saba yin takarda da shi, yana kaiwa milimita 3. Ga shi kununsa, wato dafaffen karan da aka markaɗa don yin takarda, yana riƙe ruwa, sai ka daɗe kana jira ya tsane a kan rariya. Ga kwali da kiret ya yi, amma ban ba ka shawarar sa ba idan farar takardar rubutu kake so. Kada kuma a sayar maka da ɓuntu a ce duk ɗaya ne, ɓuntu ba shi da zaren kirki.

Karan masara yana kusa da mu, Ejura da Techiman cike suke da shi. Ɓawon ne ke da amfani. Totuwar ciki sodar dafa kara kawai take sha, ba ta ƙara wa takarda ƙarfi, dole a cire ta, kuma aikin yana cin lokaci. Haka tuƙar rake take, ko da yake a Indiya kamfanin TNPL na jihar Tamil Nadu da ita yake yin takardar rubutu. A nan Kumasi tara ta da yawa ne wahala.

Ni kututturen ayaba na fi so wa mai ƙaramin jari. Yankin Asante gidan ayaba ne, manomi kuwa yana sare kan sai ya bar kututturen ya ruɓe. Zarensa dogo ne mai ƙarfi, takardarsa ba ta saurin yagewa, ta dace da jaka da ambulan. Amma fiye da kashi 90 cikin 100 na ɗanyensa ruwa ne. In ka loda shi haka, ruwa ka biya wa kuɗin mota. A tsage shi a gona, a shanya, sannan a ɗauko. Idan ka gauraya shi da karan shinkafa, ɗaya ya ba da ƙarfi, ɗaya ya cike jiki.

Ko wanne ka zaɓa, tura hannu can tsakiyar dami. In ka ji ɗumi, ko warin ruɓa, ko ka ga baƙin ɗigo, bar shi. Kara mai kyau yana karyewa ƙas. Ka yi ciniki a kan nauyin busasshe, domin kilo 10 na kara ba ya ba da abin da ya wuce kilo 4 zuwa 5 na kunun takarda.

Da sodar da masu sabulu ke saya ake dafa karan, kuma baƙin ruwan da ke fita guba ne ga kifi. Saboda shi ne Sin ta rufe ɗimbin ƙananan masana'antun takardar kara a shekarun 1990. Rafin Aboabo ya riga ya sha wahala, don Allah ka tanadi ramin tara wannan ruwa tun kafin ka sayi damin farko.