Shagon kayan lissafi da na samu a Gumel, malaman karkara ku leƙa

Assalamu alaikum 'yan'uwa malamai. Tun zangon da ya wuce nake son in yi maganar wani shago da ke cikin garin Gumel ta wajen tasha, ban samu zama ba sai yanzu da muka gama makin jarabawa. Ni lissafi nake koyarwa a wata ƙaramar sakandare ta jeka-ka-dawo a ƙauye, tsakaninmu da Gumel kusan minti 40 ne a mashin in ba damina ba. Kuma gaskiya ba lissafi na karanta ba, NCE ɗina ta tattalin arziki ce, da aka turo ni makarantar babu malamin lissafi ko ɗaya shi ne firinsifal ya ce tunda na saba da lambobi in riƙe aji 1 zuwa 3. Na san irina suna da yawa a ƙauyukanmu, su nake yi wa wannan rubutun.

In ka hango shagon daga titi za ka ɗauka na fotokwafi ne kawai, sai ka shiga za ka ga babbar rula ta allo, kamfas na katako, furotakta, littafin giraf, mas set na yara da tambayoyin baya na BECE da WAEC da NECO. Amma ba kayan ne suka kama ni ba, mai shagon ne. Dattijo ne da ya yi ritaya daga koyar da lissafi. Ranar da na fara zuwa kamfas kawai na je saye, ya ce "Malam me za ka koyar da shi?" Na ce Allah gafarta Malam yadda ake raba kusurwa gida biyu daidai. Sai ya miƙo min alli ya nuna wani ɗan allo a jikin bango ya ce "To bismillah ɗana, yi in gani." Ina cikin yi ya tsayar da ni, ashe ina canza faɗin kamfas ɗin tsakanin baka na biyu da na uku, shi ya sa layina yake karkacewa, kuma wallahi shekara biyu haka nake nuna wa yara. A natse ya gyara min, ya sa na maimaita sau uku kafin ya karɓi kuɗina.

Duk ranar Asabar daga hantsi zuwa azahar malamai suna taruwa a rumfar ƙofar shagon, ba a biyan komai sai ɗan abin da aka haɗa na ruwa. Kowa ya zo da darasin da yake ba shi wahala. Malam ya ce salon a bitar SMASE ya samo shi, shirin nan na horar da malaman lissafi da kimiyya da gwamnati ta faro da taimakon hukumar JICA ta Japan a 2006 a jihohin Kaduna da Neja da Filato kafin ya bazu sauran jihohi. Manufarsa dai yaro ya taɓa da hannunsa, malami kuma ya ƙera kayan aiki da abin da ke kusa da shi ba sai ya jira an aiko daga ofis ba.

Nan ne na fi ƙaruwa. Malam ya ce in sa yara kowa ya zo da abu mai da'ira daga gida, aka zo da faifai, murfin tukunya, wani ma da tayar keke, suka zagaye kowanne da zare suka gwada, suka gwada faɗin tsakiya, suka raba tsawon zaren da faɗin, kowa amsarsa 3 da ɗan wani abu. Kai ka ga yadda ajin ya kaure da surutu, wata yarinya ta ce malam ashe 22 bisa 7 ɗin nan ba haddace ta kawai ake ba, a faifan babarta ma akwai ta. Darasin Faisagoras kuma, wato ƙa'idar tsawon gefunan alwatika mai kusurwa digiri 90, waje muka fita da igiya da turaku uku, taku 3 nan, 4 can, tsakaninsu 5, kwana ta fito cif, wani yaro da babansa magini ne ya ce ai haka suke saita kusurwar ɗaki. Tun daga ranar yaron nan bai ƙara zama a bayan aji ba. Kason lamba ma da tiya da buhun gero nake fara shi yanzu, tunda ba yaron da bai san rabin tiya ba.

Akwai yaron shagon da yake tura wa malamai GeoGebra a waya ba sai ka ƙona data ba. Manhaja ce ta kyauta, wani Markus Hohenwarter ya faro ta a 2001 yana ɗalibi a jami'ar Salzburg ta Ostiriya, kuma tana aiki ko babu sabis, wanda shi ne ya dace da mu. Za ka zana alwatika ka ja kusurwa ɗaya da yatsa, siffar tana canzawa amma jimillar kusurwoyin tana nan digiri 180 ba ta motsi. Wayata guda ce yara sun fi 70, sai nake kiransu goma goma bakin tebur, yana cin lokaci amma suna gani da idonsu.

To sai inda shagon ya gaza, don amana ce. Fotokwafinsu in rana ta yi sanyi sola ta ja baya yana fitowa dishi-dishi, alamar ɗebewa takan ɓace gaba ɗaya, a lissafi kuwa wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce, ku duba kowane shafi kafin ku tafi. Ƙaramin mas set mai araha kar ku ce yara su saya, kamfas ɗinsa sati biyu ya saki. Na kuma samu amsoshi biyu ba daidai ba a wata takardar tambayoyin baya, da na nuna wa Malam ya amsa ya gyara da biro a sauran kwafin. Farashi ya ɗan ɗara na Kano kaɗan amma in ka lissafa kuɗin mota zuwa da dawowa ka ci riba, kuma in ya san ka yana ɗaga maka ƙafa zuwa albashi.

Abin da ya fi damuna shi ne malamai mata ba sa zuwa zaman Asabar ɗin, rumfar a bakin titi take maza sun cika benci, alhali a firamare su ne suke riƙe da ƙananan azuzuwa inda ake kafa tushen lissafin. Na yi wa Malam maganar ya ce yana neman aron aji a wata makaranta kusa a ware musu rana, Allah ya sa a samu kafin a koma hutu. Wanda zai je ya tafi da littafin darasinsa da alli, kuma ya cika cajin wayarsa tun daga gida don soket ɗaya ne a shagon.